Ƙofa Mai Kallon Kasuwa

Bana ruwa ya yi mana rowa a Sabon Birni. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, awaki su nufi gida, sai iska ta zo ta watsa shi kamar ba a yi ba. A bar mu da zufa da ƙurajen zafi. Ni da na haura shekara sittin ina kallon samaniyar garin nan, sau ɗaya na taɓa ganin irin wannan yaudara, kuma ban so na sake gani ba.

Sunana Mamman, magini ne ni. Na fara da tubalin ƙasa, yanzu ina ɗora bulo, kuma an san ni da faɗa a wurin aiki, ban musa ba. Garin ya cika ya batse. Mutanen Gatawa da Unguwar Lalle da ƙauyukan hanyar Isa, waɗanda ɓarayin daji suka hana kwana a gidajensu balle zuwa gona, duk sun taru a kanmu. Suna kwana a ajujuwan firamare da rumfunan kasuwa da kangaye. Matasanmu masu aikin sa kai, ciki har da ɗana Sanusi, su ke bin su da hatsi da magani, amma ba su da mazauni: buhuna a shagon wani, tukwane a gidan wata. Shi ya sa aka yanke shawarar gina cibiya guda a filin bayan tsohuwar tasha, mai sito da madafi da ɗakin duba marasa lafiya da wurin zaman masu aikin. An riga an haƙa rijiyar burtsatse a kusurwar filin. Aka ɗauko wata injiniya daga Sakkwato, Rukayya, ta zana, ni kuma aka ce ni zan gina.

Ranar Laraba ta shimfiɗa takardarta a gindin dogonyaro, muka danne gefunan da duwatsu. Zane tsaf, ba ƙarya. Katanga, ƙofa ɗaya tana kallon titi, doguwar rumfa mai ƙarafa inda mabuƙata za su yi layi, tebur a gaba inda za a kira suna. Famfo kuwa ta bar shi a wajen katanga, don masu ɗiban ruwa kada su dami masu aiki.

Na tsura wa rumfar nan ido. Malam Umaru na tuna, uban matar Sanusi. Manomi ne na ji da faɗa a Unguwar Lalle, wanda a da ake zuwa kallon rumbunansa. Wata biyu ke nan yana zaune a aji ɗaya na firamare da iyalinsa. Na yi juyin duniya ya dawo gidana, ya ƙi, don ba ya kwana a gidan da ɗiyarsa ke aure. Ba a taɓa ganinsa inda ake rabo ba, saboda Sanusi ke riƙe da takardar suna. Ranar Juma'ar da ta wuce kuwa, a ƙofar masallaci, na ga yana fama da takalminsa, ƙafar ta ƙi shiga. Na san irin wannan kumburi.

Na ce, "A huda wata ƙohwa ta baya."

Alhaji Mani, shugaban kwamitin, ɗan kasuwa mai kai kaya Maraɗi, ya ɗago kai. "Malam Mamman, ƙohwa ta baya ga wanga zamani? Ka san masu kai ma mutanen daji labari cikinmu suke. Wuri mai hatsi, mai mata da ƙanana, ka yi mishi baki biyu? Wa ka tsaron na biyun?"

Rukayya ta ce, a hankali, "Baba, kuma in ana rabo gaban kowa, ba mai cewa an ɓoye wani abu."

Wannan maganar ce ta tunzura ni, don na taɓa faɗinta da bakina. Na ce takarda ba ta san mutane ba, na ce wanda bai taɓa jin yunwa ba bai kamata ya zana wa yunwa ɗaki ba. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Alhaji Mani ya ce in ina da hujja in kawo, in babu, Juma'a za a sa hannu, Asabar a fara haƙa. Ina da hujja, amma shekara arba'in ke nan ban faɗa wa kowa ba, ba zan fara a gindin dogonyaro ba. Na karkaɗe rigata na tafi, har na bar igiyar awona a wurin.

A waccan shekarar ta fari, shekara arba'in da suka wuce, ina saurayi sabon aure. Matata Hajo 'yar Gatawa ce, ɗiyar Malam Jibo, mutum dogo mai zanen Gobirci raɗau, wanda in an yi gayya a gonarsa sai an yanka akuya biyu. Damunar da ta gabata ba ta yi kyau ba, amma mun ce wata na zuwa. Da bazara ta yi nisa muka yi binne, wato muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa ya same shi. Aka yi yayyafi ɗaya, gero ya tsiro, ya kai tsawon ɗan yatsa, sai rana ta ƙone shi. Muka sake shuka. Ya sake ƙonewa. A karo na uku mutane suka tsaya suna kallon ɗan irin da ya rage a ƙwarya, suna tunanin ko ƙasa za su ba ko yara.

Zafin wannan bazara ba na mantawa da shi. Da hantsi in ka taka rairayi ba takalmi sai ka yi rawa. Gulbi ya zama hanya, jakuna na bi ta tsakiyarsa. Mata na haƙa rami a cikin yashi, su zauna da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsatso, ja kamar kunun kanwa. Aka fita roƙon ruwa sau uku, har da tsofaffin da sai an riƙe su, hadari ya haɗo kamar ya ji mu, ya tsaya a kanmu, ya wuce Nijar.

Gidaje suka koma cin abinci sau ɗaya. Daga nan tuwo ya zama kunu, kunu ya zama ruwan dusa. Hajo kan fita da asuba tare da matan unguwa su samo anza, wani ɗan itace mai ɗacin tsiya, a jiƙa shi kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ya ciwu. Har yau in na wuce inda aka jiƙa wani abu ya yi tsami sai in tuna da shi. Aka ci yaɗiya, aka ci ƙwallon goriba, aka daka ƙarangiya. Na ga dattawa da gemu suna tona gidan tururuwa don su ƙwace ɗan hatsin da ta tara. Abin da ya fi damuna shi ne shirun garin. Ba a jin daka. Gari in ba ƙarar turmi, ko da mutane sun cika shi, kango ne.

Ana cikin haka sai fataken garinmu masu zuwa Nijar da Kudu suka haɗa kai suka kawo mota biyu ta dawa, wata ja mai ƙanshin jirgi, a raba wa mutanen gari da na ƙauyuka. Ana buƙatar ɗakin ajiya da gaggawa. Ni da abokan aikina muka tashe shi cikin kwana shida a bakin kasuwa, da ruwan da ake tatsowa daga gulbi. Da aka zo maganar ƙofa, wani tsoho ya ce a sa ta ta yamma, wajen lungu. Ni ne na ce a'a. Na ce a fuskantar da ita kasuwa, kowa ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita, kada gobe a ce mun ci. Aka yaba mini hankali. Don jin daɗin yabon, da aka nemi wanda zai riƙe tiyar awo, na miƙa hannu. Doka kuwa ita ce kowane maigida ya zo da kansa, a kira sunansa da na garinsu da ƙarfi, ya buɗe buhu, in zuba masa.

Kwana huɗu ina awo, ina ji da kaina. A rana ta biyar, ranar kasuwa, wajen azahar, layi ya miƙe har rumfar mahauta. Na cika tiya na ɗago kai don in share zufa, sai na hango shi. Mutum na bakwai ko na takwas. Malam Jibo, da farar rigarsa ta zuwa Juma'a wadda ta yi masa yawa, da buhu a naɗe a hammata, ya ja rawani ya rufe rabin fuska. Tun daga Gatawa ya tako a ƙasa.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce mene ne a ciki. To, ni ban taɓa cin ko goro a gabansa ba. Ban taɓa kiran sunansa ba. In na hango shi a hanya, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Shi ma bai taɓa shan ruwa a gidana ba. Yanzu ga shi za a kira sunansa a tsakiyar kasuwa, ya buɗe mini buhu, ni mijin ɗiyarsa in auna masa abin da zai ci. Idonmu ya haɗu. Na sunkuyar da kai, na yi kamar ina tsince tsakuwa a cikin dawa. Ban san me nake jira ba. Da na ɗago, wurinsa ya rufe, na bayansa ya matso. Na hango farar riga tana shiga lungun masu tukwane, ba sauri, ba waiwaye.

Ban bi shi ba. Tiya na hannuna, mutane na jira, haka na gaya wa kaina. Da na koma gida ban faɗa wa Hajo ba. Na so in aika masa daga rabona, amma in na aika washegari, kamar na ce masa na gan ka ne. Sai na ce bari a ɗan jima, abin ya yi kama da kyautar da aka saba. Na jira mako ɗaya. Na jira na biyu. Wauta ce, na sani, amma a lokacin ladabi na ɗauke ta.

A mako na uku ruwa ya sauko. Da la'asar ne. Iska ta fara, muka ce yau ma haka, sai ɗigo ya faɗo a kan kwano kamar an jefa tsakuwa. Ƙanshin ƙasa ya tashi, mutane suka fito tsakar titi suna kuka suna dariya, ba wanda ya nemi mafaka. Amma ruwa ba tuwo ba ne. Tsakanin shuka da sabon gero akwai wata biyu da rabi, kuma su ne mafi tsanani, don ga aiki ga ciki wayam. Muna noma muna ganin duhu-duhu, mu zauna a kunya mu huta, mu tashi. Sai a lokacin na ba Hajo tiya uku na ce ta kai gida, ta ce tsaraba ce.

Ta dawo bayan kwana biyu ta ce Baba na gaishe ni, ƙafafunsa sun ɗan kumbura. Ashe duk abin da aka samu a gidan, yara da mata yake tura wa, shi ya sha ruwa ya ce ya ci a waje. Cikin marka, gero ya yi kai, ya faɗi a gonarsa da hauya a hannu. Kwana goma ya rage a fara gasa tumu. Gonar kuwa ta yi kyau a shekarar, abin haushi. Ni na taya 'ya'yansa ɗaure damman.

Wannan shi ne abin da na ɗauko daga gindin dogonyaro na shigo da shi gida ranar Laraba. Na tarar da Hajo a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta tsufa, ta yi ƙiba, bakinta kuwa sai abin da ya ƙaru. Ta dube ni sau ɗaya.

"Malam, da wa kuma anka yi yau? Ka baro igiyarka."

Na zauna a kan turmi na ba ta labarin zanen, da rumfar layi, da ƙafar Malam Umaru. Ban kai ga waccan shekarar ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na yi zaton ba ta ji ba. Can ta ce, ba ta ɗago ba:

"Tsoro kake shi juya, kamar yadda Baba yaj juya."

Na ce, "Wa yag gaya miki?"

"Shi. Randa nik kai mishi tiya ukkun nan. Yac ce, 'Na ga mijinki ga kasuwa. Ya iya awo, shina cika tiya har tana zuba, ba ya tauye kowa. Ki riƙe shi.' Ga mutanen gida kau cewa yay yi hatsin ya ƙare kahin a kawo gare shi."

"Shekara arba'in, Hajo. Ba ki taɓa hwaɗi ba."

"Kai ka hwaɗi? Kai kana jin kunyata, ni ina jin taka, shi yaj ji ta mu duka. Ga inda ta kai mu." Ta ajiye faifan. "Ku maza komi sai kun yi mishi layi da kiran suna. Mu mata, in gidan wata ba a ɗora tukunya ba, cewa take ta zo ɗibar wuta. A sa mata garwashi ga kasko, a tura mata ƙullin gari cikin zane. Wa ka tambayar wadda taz zo ɗibar wuta?"

Na daɗe a kan turmin nan. Hadari ya haɗo, ya watse, ban ko duba ba.

Washegari da sassafe na sami Rukayya a filin, tana duba turakun da aka kafa. Na fara da ba ta haƙuri, abin da ba na yi wa kowa a wurin aiki. Sannan na ba ta labarin ƙofar da na fuskantar da kasuwa, tun daga farko har gonar Gatawa. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "To Baba, ƙohwar baya dai Alhaji ba za shi yarda ba, kuma da gaskiya tai."

Na ce, "Ban son ta kuma. Ƙohwa guda ta isa. Amma kowa shi samu dalilin shiga."

Na taka zuwa kusurwa na tumɓuke turaku biyu, na matsar da su taki goma sha biyu, har famfo ya dawo cikin katanga. Ta tsaya tana kallo, sai ta zaro fensir ta tsuguna. Ta soke rumfar layi. A wurinta ta sa injin niƙa da wurin cajin waya da ɗan dandamalin salla. Sito ta mai da shi can ciki, na ce ta yi masa katanga mai lanƙwasa irin ta zauren gidajenmu, wadda na waje ba ya ganin na ciki. Ta ƙara famfo na biyu, hanyarsa ta bi ta bayan lanƙwasar. Tebur da takardar suna suka koma ɗaki, aka bar taga ƙarama.

Juma'a ba ta zo da sauƙi ba. Da safe labari ya iso cewa an tare hanyar Isa, babura sun fi ashirin, kowa ransa a ɓace. Alhaji Mani ya dubi sabon zanen ya ce, "Da mabuƙata kaɗai ka shiga, yanzu gari duka. Ka rage hatsari ko ka ƙara?" Wasu suka goyi bayansa. Na ji faɗa na taso mini, na haɗiye. Na ce mai gadi ɗaya, ƙofa ɗaya, kamar yadda ya so. Na ce wurin da matan unguwa ke shiga da fita tun safe har magariba, baƙon ido ba ya ɓuya a cikinsa, don sun fi kowane mai gadi sanin ɗan wane ne wane. Ya shiga jan carbi. Sai na ce, "Alhaji, in da kai na, Allah shi kiyaye, ka baro gidanka, kuma mijin ɗiyarka ar riƙe da takarda, kana shiga layin?"

Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce a gwada wata ɗaya da shingen zana kafin a sa bulo, in an ga abin da ba a so, a koma zanen farko, kuma ni zan ɗauki laifin. Na ce na ɗauka.

Kwana huɗu muka kafa zana, muka yi lanƙwasar, aka kawo buhuna. Hajo da kanta ta zauna a bayan lanƙwasar da mazurari da tiya, ita da wasu tsofaffi biyu. Ta aika wa matar Malam Umaru cewa ruwan sabon famfo ya fi na firamare daɗi, kuma jarka busasshiya ake so. Kwana ɗaya, bai zo ba. Kwana biyu, bai zo ba. Ina ɗora tubalin ɗakin duba marasa lafiya ina kallon ƙofa har na karkatar da layi guda, abin da rabona da yi tun ina koyo.

A rana ta uku da hantsi, ga shi nan. Yana tafe a hankali, ba takalmi, da jarka ruwan ɗorawa a hannu, a tsakanin mata masu kai niƙa da wani mai neman cajin waya. Sanusi na hango shi ya ajiye biro ya shige madafi, kamar yadda na gaya masa. Malam Umaru ya wuce famfon farko, ya ce layi ya yi yawa, ya bi ta bayan lanƙwasa. Na tsaya, cokalin gini a hannu, siminti na bushewa.

Da ya fito, jarkar na kafaɗarsa. Ya tsaya muka gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi iyali, muka yi maganar hadarin da ya ƙi sauka. Ya ce, "Ruwanku da daɗi, Malam Mamman." Na ce, "Kullum akwai." Ya juya ya tafi. Jarkar ba ta ƙarar ruwa, ba ta ɗiga, amma ba wanda ya kula a titi sai ni.

Na zagaya bayan zana. Hajo na zaune, tiya a cinyarta, ƙurar gero a hannunta. Na ce, "An cika mishi?"

Ta ce, "Har wuya. Ban ko dubi huskatai ba."

Sai ta ja mayafi ta rufe kanta. Ranar da aka binne Malam Jibo ban ga hawayenta ba, don ta ji kunyar yin kuka a gabana. Na tsuguna kusa da ita a kan buhu, na karɓi tiyar daga hannunta na riƙe, har ta gama.